Yadda Ake Auna Abin da Mata Suka Fuskanta a Lokacin Naƙuda da Haihuwa: Jagora ga Ma'aikatan Lafiya da Kwamitocin Unguwa a Jihar Gombe

Duk wanda ya buɗe rajistar ɗakin haihuwa a Jihar Gombe, daga Asibitin Koyarwa na Tarayya har zuwa ƙaramin asibitin ƙauye, zai tarar da lokacin da mace ta iso, da lokacin da ta sauka, da nauyin jaririnta, da bayanin ko ta haihu da kanta ko aiki aka yi mata. Abin da ba zai tarar ba shi ne ko an amsa sallamarta, ko an nemi izininta kafin a duba ta, ko an ja labule, ko an daka mata tsawa sa'ad da kan ɗa ya taho. Alhali waɗannan su ne abubuwan da take ba 'yan'uwanta labari ranar suna, kuma da su take yanke shawarar inda za ta haihu idan ta sake samun ciki. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 39 cikin ɗari ne kaɗai na haihuwa a Najeriya ake yi a asibiti, don haka duk abin da ke korar mace daga ɗakin haihuwa ya cancanci a auna shi kamar yadda ake auna hawan jini.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba ingancin kula da mai haihuwa gida biyu a ƙa'idojin da ta fitar a 2016, wato aikin da aka yi wa mace da kuma yadda ita macen ta ji a jikinta da zuciyarta, sannan a 2018 ta fitar da shawarwari 56 kan kula da mai naƙuda. Wahalar ita ce gida na biyu ba shi da na'ura. Amsar da za a samu ta dogara ne ga wadda ta yi tambaya, da inda aka yi ta, da lokacin da aka yi ta, da irin kalmomin da aka yi amfani da su, kuma a kan waɗannan abubuwa huɗu matakan da ke tafe suka ginu.

Mataki na farko: ku tsayar da dalilin awon da abin da za a auna

Kafin a rubuta tambaya ko ɗaya, shugabar ɗakin haihuwa da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma da wakilan kwamitin ci gaban gunduma su zauna su amince cewa gyaran aiki ake nema, ba farautar ma'aikaciyar da za a hukunta ba. Idan ungozomomi suka ji ƙanshin tarko, za su riƙa zaɓo matan da suka san za su yabe su, aikin kuma ya lalace tun daga tushe.

Daga nan sai a zaɓi fannonin da za a auna. Wani nazari da aka wallafa a 2015, wanda ya tattara bincike 65 daga ƙasashe 34, ya kasa cin zarafin mai haihuwa kashi bakwai: duka da makamantansa, cin zarafi ta hanyar lalata, zagi da baƙar magana, ƙyama da nuna bambanci, gazawa wajen cika ƙa'idar aiki, rashin kyakkyawar mu'amala tsakanin mace da ma'aikata, da kuma halin da asibitin kansa yake ciki na rashin ruwa, wuta, gado ko ma'aikata. Kada a tsaya ga munanan abubuwa kaɗai. A auna alherin da aka yi ma, kamar barin mace ta shiga da wadda ta zaɓa ta zauna da ita, da ba ta ruwa ko abinci mara nauyi idan babu matsala, da barin ta ta zaɓi yadda za ta haihu, ko a kwance ko a durƙushe, domin duk waɗannan suna cikin shawarwarin 2018.

Mataki na biyu: ku zaɓi ma'auni, ku gina tambayoyi a kan abin da ya faru

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne buƙatar natsuwa. Tambayar da aka fi yi, wato "Kin gamsu da kulawar da aka yi miki?", kusan ba ta da amfani a wurinmu. Macen da ta sha doguwar naƙuda ta sauka lafiya, ga ɗanta a hannu, ba abin da za ta ce sai "Alhamdulillahi", kuma da gaske take, domin godiyar Allah take yi a kan rai biyu da suka tsira. Ga kuma kunya da kara, ga tarbiyyar da ta koya mata cewa haƙuri a naƙuda ado ne ga mace. Wadda ta taso tana jin cewa ana marin cinyar mai naƙuda don kada ta kashe ɗanta ba za ta kira wannan cin zarafi ba, amma idan aka tambaye ta kai tsaye ko wani ya mare ta ko ya mintsine ta, za ta ce an yi. Saboda haka a tambayi abin da ya faru, ɗaya bayan ɗaya, a bar hukunci ga lissafi.

Ba sai an ƙirƙiro komai daga farko ba. Akwai ma'aunin da ake kira PCMC, wanda Dakta Patience Afulani da abokan aikinta suka samar a Kenya a 2017, aka kuma gwada shi a Gana da Indiya. Yana da tambayoyi 30 a fannoni uku, wato mutunci da girmamawa, bayani da 'yancin zaɓi, da kulawar tallafi, kuma akwai gajeren nau'insa mai tambayoyi 13 ga asibitin da ba shi da hannaye da yawa. Kowace tambaya tana da amsa huɗu: ba a taɓa yi ba, an yi jefi-jefi, an yi mafi yawan lokaci, an yi kowane lokaci. Akwai kuma takardun tambayoyi da na sa ido da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi amfani da su a Najeriya da Gana da Gini da Myanmar. Ma'aunin CEQ na ƙasar Suwidin, mai tambayoyi 22 da aka fitar a 2010, yana da kyau wajen auna yadda mace ta ji game da ƙarfin kanta da kwanciyar hankalinta, sai dai an gina shi ne a kan asibitocin da yanayinsu ya yi nisa da namu, don haka a ganina PCMC ya fi dacewa da asibitocin matakin farko na Gombe.

Ga irin tambayoyin da bai kamata a rasa ba. Shin ma'aikatan sun gaya miki sunansu? Sun kira ki da sunanki? Kafin a sa hannu a duba ki, an gaya miki abin da za a yi, an kuma nemi yardarki? An rufe ki da zane ko an ja labule? Idan an yi miki ƙari, an sanar da ke kafin a yi? Da za a yi ɗinki, an yi miki allurar kashe zafi? Akwai lokacin da kika kira ba wanda ya zo? Namiji ne ya duba ki ko mace, kuma an tambaye ki ra'ayinki? An nemi kuɗin da ba a ba ki rasit ba? An hana ki tafiya gida saboda kuɗi? A ƙarshen takardar a bar tambaya biyu a buɗe, wato abin da ya fi yi mata daɗi da abin da take so a canza, domin sau da yawa a nan ne abin da masu tsara takardar ba su taɓa tunaninsa ba yake fitowa, kamar halin banɗaki ko maganar mai gadin ƙofa.

Mataki na uku: ku gwada tambayoyin kafin a fita da su

A samu mata goma zuwa goma sha biyar da suka haihu kwanan nan, masu karatu da marasa karatu, 'yan haihuwar fari da masu 'ya'ya da yawa, a karanta musu kowace tambaya, sannan a roƙe su su maimaita ta da bakinsu, su faɗi abin da suka fahimta. Inda suka yi shiru ko suka amsa wani abu daban, a gyara. Jihar Gombe ba Hausa kaɗai ake yi ba, saboda haka takardar da za a kai Dukku ko Nafada tana buƙatar Fulatanci, ta Billiri da Kaltungo tana buƙatar Tangale, ta Yamaltu da Deba tana buƙatar Tera, ta Balanga kuma Waja. A rubuta kowace fassara a takarda tun kafin fita, kada a bar mai tambaya ta riƙa juya magana a kanta tana gaban mai jego, domin mutum biyar za su juya ta hanya biyar. Idan amsoshi huɗu sun rikitar da mata, a raba tambayar biyu: da farko "an yi ko ba a yi ba", idan ta ce an yi sai a tambayi yawan yin.

Mataki na huɗu: izini da riƙon amana

A nemi amincewar Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Gombe, kuma idan ana nufin wallafa sakamakon, a bi ta kwamitin ɗa'ar bincike. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kare sirrin majinyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ɗora alhaki a kan duk mai tattara bayanan mutane. Ma'anar wannan a aikace ita ce kada sunan mace ya hau takardar amsa, lamba za a sa, takardar da ta haɗa suna da lamba kuma ta zauna a kulle a hannun mutum ɗaya wanda ba ma'aikacin asibitin ba. A sanar da hakimi da dagaci da mai unguwa. Game da matan auren da ba su kai shekara 18 ba, a nemi jagorar kwamitin ɗa'a kan yadda za a karɓi yardarsu, amma kada a cire su, domin binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a ƙasashe huɗun nan, wanda mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa a 2019, ya nuna cewa ƙananan mata marasa karatu su ne suka fi fuskantar cin zarafi.

Mataki na biyar: ku zaɓi lokaci da wuri

Hanya mafi sauƙi ita ce a tare mace a bakin ƙofa lokacin da aka sallame ta. Amfaninta shi ne arha da samun kowa a wuri ɗaya, ga shi kuma abin bai gushe mata ba. Illarta kuwa babba ce, domin mace a gajiye take, uwar mijinta na tsaye da kaya, mai Keke Napep na jira, ungozomar da ta karɓi haihuwar tana iya leƙowa a kowane lokaci, kuma ta san nan za ta dawo rigakafi. A wani babban asibiti na Darussalam a Tanzaniya, kashi 15 cikin ɗari na matan da aka tambaya sa'o'i kaɗan bayan haihuwa ne suka ce an wulaƙanta su, amma da aka bi wasu daga cikinsu gida bayan mako huɗu zuwa shida, adadin ya kai kashi 70. Asibiti ɗaya ne, ma'aikata ɗaya, wuri da lokaci kaɗai suka canza.

Shawarata ita ce a yi hirar a gida, bayan suna, kafin a yi arba'in ko jim kaɗan bayanta. Makon farko na 'yan barka ne, ba za a samu keɓewa ba, idan kuma aka wuce wata biyu ƙananan abubuwa sun fara shigewa, binciken Hukumar Lafiya ta Duniya ma a cikin mako takwas bayan haihuwa ya tsaya. Akwai wani abu da masu tsara aiki daga nesa kan manta: 'yar haihuwar fari takan koma gidan iyayenta wankan jego, wataƙila a wani gari daban, don haka tun ranar sallama a karɓi kwatancen gida biyu, na miji da na iyaye. Wadda ta haihu a Kumo tana iya yin jegonta a Pindiga.

Hira ta waya tana rage kuɗin mota, musamman da damina lokacin da wasu hanyoyi ke yankewa, amma a tuna cewa wayar sau da yawa ta maigida ce, kuma ana iya buɗe muryar kowa ya ji. Idan dole sai ta waya, a fara da tambayar ko ita kaɗai ce, a kuma tsara tambayoyin yadda "e" ko "a'a" za su wadatar. Duk hanyar da aka zaɓa, a dawwama a kanta, kada a kwatanta sakamakon bakin ƙofa na bana da sakamakon gida na baɗi.

Mataki na shida: mai tambaya

Mace ce za ta yi wannan aiki, ba ma'aikaciyar asibitin da ake aunawa ba, ba kuma 'yar unguwar ba, sannan ba cikin fararen kaya ba. Malamar makaranta ko ɗalibar kwalejin kiwon lafiya daga wata gunduma ta dace. A ba su horo na 'yan kwanaki inda za su riƙa gwada hirar a junansu, su koyi karanta tambaya yadda take ba ƙari ba ragi, su koyi riƙe fuska idan suka ji abin takaici, su kuma daina cewa "ai kin san aikin nasu da wahala", domin wannan jimla ɗaya tana rufe bakin mai jego har ƙarshen hira.

Mataki na bakwai: mata nawa, kuma su wane ne

A ƙaramin asibiti, a ɗauki duk matan da suka haihu cikin wata uku. A babban asibiti, a bi rajista a ɗauki kowace ta uku ko ta biyar, ba tare da ma'aikata sun sa baki a zaɓin ba. Ta fuskar lissafi, mata kusan 100 suna ba da adadin da kuskurensa zai iya kai maki 10 sama ko ƙasa, mata kusan 384 kuma suna rage shi zuwa maki 5. A tabbatar an samu waɗanda suka haihu da dare da na ƙarshen mako, lokacin da ma'aikaciya ɗaya ke riƙe da ɗaki, da waɗanda aka tura wani asibiti. Matan da suka rasa jariransu kada a tsallake su don gudun nauyi, domin su ne suka fi kowa sanin inda aikin ya gaza, sai dai a tura musu mafi dattako cikin masu tambaya, a fara da ta'aziyya, a kuma bar musu zaɓin ranar.

Mataki na takwas: shiga gida da gudanar da hirar

A yi sallama, a gaida manyan gida tukuna. Idan maigida yana nan, a ce masa: "Malam, mun zo ne daga aikin inganta asibitoci, muna neman izini mu ɗan zanta da mai jego kan yadda aka karɓe ta." Ga uwar miji ko uwar mai jego kuma: "Goggo, barka da arziki. Maganar ta mata ce mai nauyi, a yi mana alfarma mu keɓe na ɗan lokaci." Mafi yawan dattawa suna fahimtar wannan, har su karɓi jaririn su fita da shi tsakar gida. Idan keɓewa ta gagara, gara a sa wata rana da a yi hirar a gaban kishiya.

Bayan an zauna, a bayyana mata cewa sunanta ba zai fita ba, amsarta ba za ta shafi kulawar da za a yi mata ko ɗanta ba, kuma tana da ikon ƙin amsa kowace tambaya ko dakatar da hirar. A fara da masu sauƙi, kamar yadda naƙuda ta fara da wanda ya raka ta, a kai tambayoyin zagi da duka tsakiya, a rufe da masu sauƙi. Idan jariri ya yi kuka a dakata ta shayar da shi. Idan ita ta fashe da kuka, a ajiye takarda. Hirar kada ta wuce minti arba'in. Mai tambaya ta riƙe lambar wata ma'aikaciyar lafiya, domin za ta iya tarar da mai zazzaɓi, ko mai zubar jini, ko wadda fitsari ke zubo mata ba ta sani ba, kuma irin wannan a ranar ake tura ta asibiti. Manhajojin kyauta irin su KoboToolbox da ODK suna aiki a waya ko babu intanet, suna kuma hana tsallake tambaya.

Mataki na tara: sa ido a ɗakin haihuwa, idan da hali

Akwai abubuwan da mace ba ta iya gani ko tunawa a tsakiyar ciwo. A binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019, masu sa ido sun zauna tun shigar mace har zuwa awa biyu bayan haihuwa, suka ga duka, zagi ko ƙyama a kusan kashi 42 cikin ɗari na haihuwa 2,016, yayin da kusan kashi 35 na mata 2,672 da aka tambaya a gida suka faɗi haka. Sun kuma gano cewa abin ya fi tsanani daga minti 30 kafin fitowar jariri zuwa minti 15 bayanta. Wannan hanya tana da tsada, tana buƙatar yardar mace da ta ma'aikata, kuma dole a rubuta tun farko abin da mai sa ido za ta yi idan ta ga rai yana cikin haɗari.

Mataki na goma: lissafi

A ma'aunin PCMC kowace amsa tana ɗaukar maki 0 zuwa 3, jimla 90. Tambayoyin da "e" ke nufin mugun abu, kamar tsawa, ana juya makinsu. Wadda ta samu 54 cikin 90 ta samu 60 cikin ɗari ke nan. Amma jimla kaɗai ba ta nuna wurin gyara, don haka a fitar da kowace tambaya daban, a kuma kula da adadin da ake rabawa da shi. Misali, idan an zanta da mata 80, aka yi wa 20 ƙari, aka sanar da 5 kafin a yi, lissafin 5 cikin 20 ne, wato kashi 25, ba 5 cikin 80 ba. Sannan a rarraba sakamakon bisa shekaru, karatu, harshe, haihuwar fari, da dare ko rana. A rubuta adadin matan da ba a samu ba da waɗanda suka ƙi amsawa, domin idan rabinsu sun ɓace, sakamakon na sauran rabin ne kawai.

Mataki na ƙarshe: mayar da sakamako da sake awo

Ma'aikatan ɗakin haihuwa su fara ganin sakamakon kafin kowa, a zaman da ba a ambaci sunan kowa ba, a kuma fara da abin da mata suka yaba. A ba su dama su faɗi nasu, domin wani binciken da aka yi a asibitoci 10 na matakin farko a nan Gombe, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na matan sun ambaci aƙalla matsala ɗaya, kuma mafi yawan ƙorafin ya shafi halin asibiti da mu'amala ne, ba duka ba. Ungozomar da ke karɓar haihuwa da fitilar waya, ita kaɗai a kan mata uku, tana da abin faɗa da ya kamata ya shiga rahoton da za a kai ƙaramar hukuma.

A zaɓi abu biyu ko uku da za a iya gyarawa cikin wata uku, kamar ɗinka labule tsakanin gadaje, ko ajiye kujera ga 'yar rakiya, ko ɗaukar al'adar faɗin suna da neman izini kafin kowane dubawa, a rubuta wanda zai ɗauki nauyin kowanne. Abin da ya fi ƙarfin asibiti, irin ruwa da wuta da ƙarin ma'aikata, kwamitin gunduma ya kai shi gaba a rubuce tare da alƙaluman. A sanar da mata abin da aka gano da abin da aka canza a ranar awon ciki, cikin harshen da suke ji. Bayan wata shida a maimaita awon da takarda ɗaya, a lokaci ɗaya bayan haihuwa, da irin masu tambaya ɗaya. Idan ƙorafi ya ƙaru a zagaye na biyu, a duba amsoshin tambayoyin da aka bari a buɗe kafin a yanke hukunci, domin yakan faru cewa matan sun ga an yi aiki da maganarsu ta farko, sai suka ƙara sakin jiki da masu tambaya.